HO ko N: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Layin Dogo na Gida?

Masu fara sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa a gida sun cika yin wannan tambaya. HO da N girma ne iri biyu na waɗannan jiragen. HO sikelinsa 1:87 (wato jirgin gaske ya ninka shi tsawo sau 87), tazarar ƙarafan layinsa milimita 16.5, N kuwa 1:160 ne, milimita 9.

Babban bambancin a wuri yake. Kwanar HO ba ta son ƙasa da inci 18 daga tsakiyar da'irar, shi ya sa zagaye ɗaya ke kusan cinye faɗin falanki mai ƙafa 4 da 8. N kan ƙyauren ƙofa ma yana zama. Sai dai injin N marar nauyi ne, ƙura kaɗan ke yanke masa wuta, ga wuyar saka dikodar DCC (ƙaramar na'urar da ke karɓar umarnin sarrafa jirgin) a cikinsa. Farashi kusan ɗaya.

Mai ƙaramin ɗaki da son dogon jirgi, N ya dace da shi. Mai fili, ko wanda ido ya fara yi wa rauni, ya ɗauki HO.