Akwatin ƙwallayen kemistiri: kabon ya fitar da ni, oksijin ya kunyata ni

Da kuɗin aljihuna na sayi akwatin nan mai ƙwallaye da 'yan sanduna na haɗa siffar sinadarai, saboda 'yan SS2 da nake koyarwa a Birnin Kebbi. Ta intanet na yi oda, aka sako shi a mota, na karɓa a tasha. Kuɗinsa kuwa kun san ba na wasa ba ne yanzu.

Ranar farko har albarka na sa wa mai kayan. Launukan sun yi daidai da na littafi: kabon baƙi mai huji huɗu, haidurojin fari mai huji ɗaya, naitirojin shuɗi, oksijin ja. Na daɗe ina zana CH4, wato kabon ɗaya haɗe da haidurojin huɗu, a allo, ina faɗa wa yara ba shimfiɗe yake ba, hannuwan kabon huɗu suna warwatsuwa ne a kusurwar digiri 109.5. Sai dai su gyaɗa kai. Da suka haɗa shi da kansu, ƙafa uku a kan tebur, ɗaya na kallon sama, ban ƙara ko uffan ba.

Sai muka zo kan ruwa, H2O, wanda ko ɗan SS1 ya haddace. Wata yarinya a layin baya ta soka fari biyu a jikin ja, ta ɗaga hannu.

"Malam, ruwan ga ya miƙe. Ba kai kac ce lanƙwashe yake ba?"

Na karɓa na duba. An huda jan ƙwallon ne gaba da baya, sambal, kamar dutsen carbi. Na zazzage sauran jajayen, mafi yawansu haka suke.

Wanda bai san abin ba zai ce mene ne a ciki. To, a nan darasin yake kacokan. Oksijin na da tagwayen ƙwayoyin lantarki (electrons) guda biyu da ba su shiga haɗi ba, su ke danne haidurojin biyun har kusurwar ta dawo wajen digiri 104.5. Ga shi kuma oksijin ya fi jan lantarki zuwa gefensa. Wannan lanƙwasar ce ta sa ɓangare ɗaya na ruwa ke da caji mai ragi, ɗayan mai ƙari, shi ya sa yake narkar da gishiri da sukari, ƙwayoyinsa kuma ke riƙe juna. Da a miƙe yake irin CO2, iskar da muke fitarwa a numfashi, da jan lantarkin na gefe biyu ya soke juna. Wato na biya kuɗi an kawo mini abin da ke ƙaryata ni a gaban aji, a daidai wurin da jarrabawar WAEC ke son yin tambaya.

Na tura wa mai kayan hoto ta WhatsApp. Amsarsa: "Malam, ai huji huji ne." Da na matsa, wai in mayar da shi, kuɗin mota a kaina.

Tun daga nan sauran aibobin suka fara fitowa. Dogayen sandunan da ake yin haɗi mai ninki biyu da su ba su da yawa, ga tauri, ɗaya ta karye a hannun wani yaro. Gulukos kuma, wani nau'in sukari, C6H12O6, zobensa kabon biyar ne da oksijin ɗaya, da miƙaƙƙen ja kuwa zoben ya ƙi rufuwa. Burina ke nan tun farko: in haɗa gulukos biyu, ruwa ɗaya ya fita, su ga yadda sitacin shinkafa da gero ke ginuwa. Bai yiwu ba sai da na gasa ƙusa a murhu na sake huda jajayen da kaina, hannuna har da tabon ƙuna.

Baƙaƙen dai ba ni da ta cewa a kansu, har yanzu da su muke aiki. Amma duk malamin da zai saya, ya sa a turo masa hoton jan ƙwallon da sanduna biyu a jiki kafin ya tura ko sisi. Nawa mai kayan ya daina ɗaga wayata.