Sharhi kan gwajin tsokar ƙoda da jinyar da ta biyo baya

Ga duk wanda likita ya ce a ɗebi tsokar ƙodarsa a auna, yana ta ja da baya saboda tsoron allura, shawarata ita ce ya yarda a yi. Ni an yi mini, a wani sashe da likitocin ƙoda da na jini suke aiki tare, kuma wannan gwajin ne kaɗai ya gano abin da ke damuna.

Fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da hawan jini su suka kai ni. Awo ya nuna furotin yana zuba a fitsari, aikin ƙoda kuma yana raguwa, amma babu wanda ya iya faɗin dalili. Aikin ɗibar kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Na kwanta rub da ciki, aka duba ƙodar da sikanin, aka yi allurar kashe zafi a baya, aka ce in riƙe numfashi, aka ɗebi 'yan ƙananan tsoka kamar zare. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne kwanciyar sa'o'i a rigingine bayan an gama, nas tana zagayowa tana auna jini tana duba launin fitsari, don zubar jini shi ne babban haɗarin aikin. Tun kafin ranar sun sa na daina shan asfirin, sun kuma hana ni ɗaukar kaya mai nauyi na ɗan lokaci.

Inda na yaba musu ƙwarai shi ne sun duba tsokar ta hanyoyi uku: madubin ƙara girman abu na yau da kullum, da rini mai ƙyalli da ke nuna irin furotin ɗin garkuwar da ya maƙale, da madubin lantarki, wanda ya fi na yau da kullum ƙara girman abu nesa ba kusa ba. Rinin ne ya tona asiri. A matatun ƙodata an sami furotin iri ɗaya tak, furotin ɗin garkuwa da ake kira IgG, mai ɗauke da kappa kawai, babu lambda (kappa da lambda ƙananan sassa ne iri biyu na furotin ɗin garkuwa). Lafiyayyar garkuwa tana yin duka biyun a cakuɗe. Idan ɗaya ne kaɗai, alama ce cewa wata ƙwaya guda daga cikin masu ƙera garkuwa ta yi ta hayayyafa, zuriyarta suna ta fitar da abu ɗaya, shi kuma yana taruwa a matatu yana haddasa kumburi.

Likitar jinin ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. An ɗebi ɓargona, ƙwayoyin ba su kai kashi 10 cikin 100 da ake nema kafin a ce kansar ɓargo ce, wato mayeloma, ba. A da, mai irin wannan sai a ce masa ya je a riƙa sa ido, domin ɗan furotin irin wannan a jini ana samunsa a wajen kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 50, kuma yawancinsu ba ya yi musu komai. Sai a 2012 masana suka ware masu ɓarnar ƙoda da suna na daban, MGRS, wato ciwon ƙoda da irin wannan furotin ke haddasawa, suka ce a yi musu magani ko da ƙwayoyin ba su kai kansa ba. Ta ƙara da cewa a irin kumburin matatun ƙoda da nake da shi, mafi yawan marasa lafiya awon jini ba ya nuna furotin ɗin ko kaɗan. Wannan ya tsaya mini a rai: mutum nawa ne ke tafiya wankin ƙoda ba tare da an taɓa duba tsokarsu ba?

Maganin da aka ɗora ni a kai shi ne bortezomib, allura a ƙarƙashin fatar ciki, tare da dexamethasone da cyclophosphamide. An zaɓi bortezomib ne don ba sai an rage yawansa saboda raunin ƙoda ba. Ba shi da daɗi. Yatsun ƙafata sun riƙa zugi suna sandarewa, dexamethasone kuma ya hana ni barci. Da na faɗa, nan take suka daidaita allurar, kuma tun farko sun ba ni acyclovir don kada ƙwayar cutar ƙarambau ta farfaɗo ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi. Kumburin ƙafar ya sace, furotin na fitsari ya ragu sosai, aikin ƙodar ya daina zamewa.

Ƙorafina biyu ne. Sakamakon tsokar ya daɗe bai fito ba, kuma duk tsawon jiran babu wanda ya kira ya ce mini ga inda ake. Sannan sai a wajen mai ba da magani na fara jin cewa ibuprofen da diclofenac suna cutar da ƙoda irin tawa, alhali maganar da ya kamata a faɗa tun ranar farko ce.

Duk da haka zan tura ɗan'uwana can ba tare da shakka ba. Kafin ka kwanta a ɗiba, ka tambaya ko za a yi rinin kappa da lambda, ko akwai madubin lantarki, kuma wane likitan jini ne zai ga sakamakon tare da likitan ƙodarka.