Mai baki ɗaya na keke ne, mai baki biyu na hannu ne

Hajiya, na ga hoton abubuwa biyun da kika tsinta a gwangwanin kayan ɗinkin kakarki, Allah Ya jiƙanta, kina tambaya ko duka na keken ɗinki ne. Ɗaya ne kaɗai na keke. Ɗayan bai taɓa shiga cikin keke ba tunda aka ƙera shi. Ki dubi bakunansu, nan bambancin yake.

Na ƙarfen nan mai kama da harsashi, bakinsa ɗaya ne mai tsini, gindinsa kuma a buɗe yake. Shi ne gidan zaren ƙasa na tsofaffin kekuna, kuma aikinsa ɗaya da ƙoshiyar masaƙa: ta gindin ake zura wani siririn kwarkwaro dogo mai zare, shi kuma ya riƙa kai da kawo a ƙarƙashin allura yana ratsa zaren sama. Idan kika juya shi za ki ga wani falle na ƙarfe kwance a bayansa da ɗan ƙaramin noti. Wannan fallen ne ke danne zare don kada ya saki. Kekunan Singer masu lamba 27 da 28, da 127 da 128 da suka biyo bayansu, duk da irinsa suke aiki. Idan keken yana nan a gida kuma lambarsa na da harafin K, kamar 28K, to ƙirar masana'antar Singer ce ta Clydebank a Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Telolin yanzu da yawa ba su san shi ba, domin Butterfly da muka saba da ita ta bi tsarin Singer 15 ne, mai zagayayyen kwarkwaro.

Farin kuwa bakinsa biyu, duka masu tsini. Falle biyu ne aka haɗa da ɗan ginshiƙi a tsakiya, bakunan suna taɓa juna. A jikin ginshiƙin ake naɗa zare, kuma idan kika ja zaren ta tsakanin bakunan za ki ji ya yi ƙas. Da shi ake ƙulla leshi na hannu, ƙulli bayan ƙulli har a fitar da zobba da sarƙoƙi da ake dajiya da su a bakin hankici ko wuyan riga. A Ingila sana'ar sunanta tatting, a Faransa frivolité, kuma matan can sun rungume ta sosai a ƙarni na 19. Ba shi da noti, ba shi da falle mai danne zare, ba shi da inda zai zauna a keke.

Wajen adana su ma hanya ta rabu. Na ƙarfen man keke yake so da tsumma mai laushi. Don Allah kada a goge shi da toka ko yashi, domin tsininsa ne ke kama zare, da zarar ya yi kaushi sai tsinkewar zare ta hana ɗinki. Notin nan ma a bar shi yadda aka same shi. Farin kuma sai kin gane da me aka yi shi tukuna. Ki kai shi hasken rana: idan kin ga ɗigo-ɗigo ko gajerun layuka baƙaƙe a jikinsa, ƙashi ne, busasshen tsumma ya ishe shi, kada a jiƙa shi. Idan sumul yake ba nauyi, zai iya zama tsohuwar robar nan da ake kira seluloyid, wadda ke kama wuta nan da nan, sai a nesanta shi da murhu da dutsen guga.

Ni dai na ƙarfen ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai tsofaffin kekuna lafiyayyu da ke jingine a ɗakuna saboda rashin wannan ɗan ƙarfen kawai, kuma na wani kamfani ba lallai ya shiga keken wani ba. Ki sake zazzage gwangwanin a kan faranti, ki duba ko akwai wasu siraran ƙarafa kamar ƙusa masu kai a kowane gefe. Su ne kwarkwaronsa, ki haɗa su wuri ɗaya da shi.