Koyil kala uku na gwada a lasifikar da na haɗa, ga yadda muka kwashe

Wata takwas kenan da na gama haɗa lasifika guda biyu na falo, wufa inci 6.5 da tuwita a kowane akwati, duka masu turjiyar om 8. Akwatin bai ba ni wahala ba, kafinta ya yanka min katako na haɗa da gam. Inda na sha fama shi ne kurosoba, wato ɗan allon nan da ke raba sauti ya tura bes wajen wufa ya tura siririn sauti wajen tuwita, kuma a cikinsa ma koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar nan, shi ne ya fi cinye min kuɗi da barci. Kala uku na yi amfani da su, shi ya sa nace bari in rubuta ko wani zai huta da asarar da na yi.

Na yanke shawarar in raba sautin a 2,500 Hz da tsarin kurosoba da ake kira Linkwitz-Riley mai hawa biyu, wato koyil ɗaya da kafasita ɗaya ga wufa, haka ma ga tuwita. Lissafin ba wuya, ka ninka om ɗinka da 0.3183 ka raba da mitar da kake so, sai ya ba ni koyil na milihenri 1.0, kafasita kuma da nata lissafin daban ta zo kusan maikurofarad 4, na sa 3.9 tunda shi ake samu. Koyil ɗaya a layin wufa, ɗaya a gefen tuwita, guda huɗu kenan na akwati biyu. Wannan lissafin littafi ne fa, don lasifikar da aka rubuta wa om 8 ba ta zama a 8 ɗin, tana hawa tana sauka, amma dai da shi ake farawa.

Kalar farko a intanet na saya, masu araha, ba zan kama sunan shagon ba. A hoto sun yi kyau abinsu, an rubuta 1.0 mH, wato milihenri, waya 18 AWG, wato lambar kaurin waya a ma'aunin Amurka, zallar jan ƙarfe. Da suka iso sai naga ƙanana ne kamar babban yatsana, an naɗe waya a jikin baƙin sandar ferait, kuma ba nauyi sam. Ban kawo komai a raina ba na liƙa su da dalma na kunna. A ƙasa-ƙasa lafiya lau wallahi, har na fara yabon kaina. Ranar da mutanen gida suka tafi biki na samu sarari na ɗaga murya, nan ne asiri ya tonu, duk inda ganga ta buga da ƙarfi sai kaji sautin ya dame, kamar ana magana da tuwo a baki, muryar mawaƙi kuma ta karkata ɓangare ɗaya maimakon ta tsaya a tsakiya.

Na aro mitar LCR, wadda ake auna ƙimar koyil da ita, wajen wani abokina mai gyaran inbata. Ɗaya ya nuna 0.84, ɗan'uwansa 1.1, kuma wai duk 1.0 ne. To ina murya za ta tsaya a tsakiya? Sai na ɗauki reza na kankare bakin wayar, jan ya tafi sai ga fari fat a ciki. Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Shi alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka na wuta kawai yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya, kuma nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na jan ƙarfe ba, da na san haka tun ranar da na ɗaga ledar naji shafal da na gane. Damewar sautin kuma daga sandar ferait ɗin ne, ƙaramar sanda in wuta ta yi mata yawa sai ta ƙoshi ta daina ɗauka, ƙimar koyil ɗin ta faɗi a daidai lokacin da gangar ta buga, shikenan sai datti ya shigo.

Na biyu su ne na Jantzen Audio, kamfanin ƙasar Denmak, marasa ƙarfe a ciki, rami ne kawai a tsakiya. Daga Parts Express na Amurka aka sayo min, wani ɗan'uwa da zai dawo gida ya sako min a jaka, don da ta jirgi zan turo su kuɗin aike kaɗai ya isa ya sa in fasa. Gaskiya waɗannan ba ni da abin cewa. Naɗin tsaf kamar an zana, an gasa shi ya kame ba ya motsi ko ka matsa, na ɗora a mita duka huɗun suna kan 1.0 da ɗan bambancin da bai kai a yi magana ba. Turjiyar wayar, abin da ake rubutawa DCR, ta zo kusan rabin om. Wajen auna wannan a kula, ka fara haɗa bakin wayoyin mitarka biyu ka ga nawa suke nunawa su kaɗai, tawa 0.3 take nunawa, sai ka cire shi daga abin da ka samu, in ba haka ba za ka zagi koyil ɗin da bai yi maka laifi ba. Da na saka su na ƙure murya, ganga ta fito garau, murya ta dawo tsakiya ta zauna.

Kuskurena a nan nawa ne, duka huɗun na saya 18 AWG. Ashe koyil ɗin gefen tuwita ba ta cikinsa sautin ke bi ya isa tuwitar ba, shi aikinsa ya kwashe ragowar bes ya zubar, don haka 20 AWG ya wadatar, ya fi araha ya fi ƙanƙanta. Na layin wufa shi ne duk wutar bes ke ratsawa ta cikinsa, shi ne in za a kashe kuɗi a kashe a kansa.

To daga nan ne shaiɗanin kauri ya shige ni. Kullum ina karanta masu cewa ai sai waya mai kauri bes ke fitowa, sai nace bari in naɗa nawa da hannuna in gani. Na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da wayar riwayindin, na samu wani dattijo nace Baba waya mai kaurin geji 16 nake so. Ya dube ni yace “samari injin me za ka naɗa?” Nace lasifika ce. Dariya kawai ya yi ya ɗora min a sikeli. Sai da na zo gida na sa kalifa, abin auna kauri, naga wayar milimita 1.6, alhali 16 AWG da nake nufi milimita 1.29 ce. Na koma washegari da ƙorafina yace “ai ɗana abin da ka tambaya na ba ka.” Kuma gaskiyarsa ne. Shi da gejin Ingila yake aiki, SWG, ni kuma na Amurka na haddace. SWG 16 milimita 1.63 ne, kusan daidai da 14 AWG. SWG 18 milimita 1.22, shi ne ya ɗan kusanci 16 AWG. In 18 AWG kake nema mai milimita 1.02 to SWG 19 za ka ce. Duka biyun dai lamba na hawa waya na sirancewa, amma ba sa tafiya tare, yanzu ni milimita kawai nake faɗa in na je.

Tunda na riga na saya sai na naɗa da ita. Fayif ɗin roba mai faɗin milimita 40 na yanka, tsawon milimita 25, na yi masa kunnuwa da katako. Zagaye kusan 150 ya ci, waya wajen mita 27, hawa goma da wani abu, kuma wayar nan taurin kai gare ta, kafin in gama na biyu babban yatsana ya yi kanta. Na ƙirga na ɓata ƙirga ya fi sau uku saboda yara na shigowa, daga ƙarshe na daina dogara da ƙirga, na naɗa ya wuce kaɗan sai in riƙa warwarewa ina aunawa har ya sauko 1.0, sannan na kankare baki na ɗaure da igiyar roba na shafe da banish. Kowanne ya kai rabin kilo. Na Jantzen ɗin ko giram 200 bai kai ba.

Turjiyarsa ta sauko wajen om 0.23, na ji daɗi sosai, na saka a akwati ɗaya na bar ɗayan da na Jantzen don in kwatanta. Jama'a ban ji bambanci ba. Na sauya waƙa, na sauya wurin zama, na kira ƙanina na rufe masa ido yace shi duk ɗaya yake ji. Da na zauna na buga lissafi sai naga ba kunnena ne ya samu matsala ba, rabin om a gaban lasifika mai om 8 kusan desibel 0.5 na ƙarfin sauti yake ci, om 0.23 kuma kusan 0.25, wato duk wahalar nan a kan rubu'in desibel na yi ta. Akwai ma wani abu, turjiyar koyil tana ɗan ƙara wa bes kumburi a ƙasa, shi ya sa in kana bin zanen wani da ya rubuta DCR ɗin da ya yi amfani da shi gara ka tsaya kusa da shi, kar ka ce za ka fi shi wayo da waya mai kauri.

Ba wai kauri ba shi da rana ba ne. In wufarka om 4 ce wannan rabin om ɗin desibel 1 cur zai ci, kuma zafi yake zama a cikin akwati. In kuma koyil ɗin babba ne, milihenri 3 ko 4, wayar na ƙara tsawo turjiya na ƙara hawa, a nan 18 AWG mara ƙarfe zai kai wajen om 1 ko ma ya wuce. Masu manyan akwatunan biki da wa'azi su ne ya kamata su damu da wannan, ba ni mai falo ɗaya ba.

Abu ɗaya da ya ba ni mamaki fiye da duk maganar geji shi ne wurin ajiye su. Da farko na kwantar da koyil biyu gefe da gefe a allo don ya yi kyau a ido. Abokin nan nawa mai inbata yace in gwada wani abu, na jona koyil ɗaya a amfilifaya da resista a layinsa, ɗayan kuma na jona shi da tuwita kawai ba abin da ya haɗa su, na matso da su kusa, sai ga waƙa tana fita a tuwitar, ƙasa-ƙasa amma ana ji sarai. Ina tayar da ɗaya a kan gefensa ya zama sun yi gicciye sai ta ɗauke kusan gaba ɗaya. Tun ranar na raba su, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, kowa a kusurwarsa, kuma nesa da maganaɗisun wufa. Haka na so in ɗaure babban da dogon noti na ƙarfe ta tsakiyar ramin, ina zura shi naga lambar mita ta haura, na zare shi na koma igiyar roba da gam.

Yanzu dai na Jantzen ne a ciki duka akwati biyun, kuma in za a sake zan sake sayensu, biyu 18 biyu 20. Nawa na hannu suna kan shelf, matata ta mai da ɗaya abin danne takardun makarantar yara. Akwai wufa inci 12 mai om 4 da nake son in yi wa akwati bayan sallah, in na raba sautin a 300 Hz koyil ɗin zai kai milihenri 4.2, wannan kam ba zan naɗa mara ƙarfe ba yatsuna ba za su ɗauka ba, mai zuciyar ƙarfe falle-falle irin na taransifoma zan nema, babba, kuma da reza da mita a aljihuna zan je.