Kuɗin ƙungiyar ƙwadago da ake cira a albashina, kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Akwai wani ɗan layi a takardar albashi da yawancinmu ko kallonsa ba ma yi, wato kuɗin ƙungiya, wanda ake zarewa duk wata tun kafin alat ya shigo wayarka. Toh ni dai a ganina duk abin da mutum yake biya wata-wata hidima ce ake sayar masa, kuma yana da haƙƙin ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Na daɗe a cikin ƙungiyar ma'aikatan wurin aikinmu, ba zan kama suna ba, kuma in za a ce in ba ta maki zan ba ta uku da rabi cikin biyar. Ba na niyyar fita ko kaɗan, amma akwai abubuwan da suke ci min rai sosai.

Bari in fara da inda suka burge ni, don gaskiya a nan ba ni da abin cewa sai godiya. Akwai wata abokiyar aikinmu da aka ba takardar tuhuma wai tana yawan makara, kwana kaɗan aka kira ta gaban kwamitin ladabtarwa, kowa ya san sallama ake shirin yi. Matar nan hannunta har rawa yake yi, ta roƙe ni in raka ta a matsayin shaida. Wakilin ƙungiya ya shigo da ɗan littafin ƙa'idojin aiki duk ya tsufa, an naɗe kusurwar shafuka, wasu layukan an ja musu jan biro. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya bari manaja ya gama bayaninsa tsaf, sannan ya ce ranka ya daɗe ina takardar gargaɗi ta farko da ta biyu, tunda littafin nan da ku da mu muka sa wa hannu ya ce sai an ba da su kafin a zo nan? Aka duba fayil, babu. Ya sake cewa a kawo rajistar shiga da fita, aka kawo, sai ga shi ranakun da ake cewa ta makara yawanci washegarin aikin dare ne da aka ƙara mata ba a ba ta hutun da ya kamata ba. Maganar ta mutu a nan, har kuɗin ƙarin lokacin da aka danne mata sai da ya fito. Wallahi da ita kaɗai ta shiga ɗakin nan da kuka kawai za ta yi ta sa hannu ta fito, don ba ta ma san akwai wannan sashin a littafin ba.

Na biyu shi ne zaman ciniki a kan albashi da alawus. Kai kaɗai in ka je ka ce a ƙara maka, amsar da za ka samu ita ce ga ƙofa nan, akwai masu jira a waje. Amma in mutum ɗari biyar suka turo wakilai da murya ɗaya dole a ja kujera a zauna. Hutun haihuwa, kayan kariya, kuɗin asibiti, fansho, duk ta wannan teburin suka biyo a wurinmu.

Kuma abin da yake sa nake jin nauyin katin ƙungiyar nan a aljihuna shi ne sanin yadda aka same shi. A Ingila, lokacin da masana'antu suka fara bunƙasa, dokokin 1799 da 1800 sun haramta wa ma'aikata haɗa kai don neman ƙarin lada, sai 1824 aka soke su. Duk da haka a 1834 an kama leburorin gona shida a ƙauyen Tolpuddle saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiya, aka yanke musu shekara 7 aka tura su Ostireliya, sai da jama'a suka yi ta zanga-zanga da tara sa hannu kafin a yafe musu a 1836. Sai 1871 doka ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago a can. A Amurka kuma, ranar 1 ga Mayun 1886 ma'aikata suka fita yajin aiki suna neman a mayar da aikin yini awa 8, kwana uku bayan nan bam ya tashi a dandalin Haymarket na birnin Chicago, aka kama jagororin ma'aikata, aka rataye huɗu a 1887. Hutun 1 ga Mayu da ake yi a ƙasashe da dama daga nan ya samo asali. Da aka kafa Hukumar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yarjejeniyarta ta farko a kan wannan magana ce, awa 8 a rana, awa 48 a mako. Don haka in ka tashi aiki da yamma ka tarar da yaranka ba su yi barci ba, ka sani akwai waɗanda suka rasa rayukansu a kan wannan.

Maganar tsaron lafiya ma haka. A 1911 gobara ta kashe ma'aikata 146 a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, yawancinsu 'yan mata, ƙofofi a kulle. Kar ka ce zamanin da ne, a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh ya kashe sama da mutum 1,100, alhali tun ana gobe an ga bango ya tsage amma aka ce wa masu ɗinki su koma ciki. Mai tsoron a yanke masa albashi ya zai ce a'a shi kaɗai? Bayan nan ne ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa har manyan kamfanonin tufafi sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-ginen.

Toh yanzu ga inda maki ɗaya da rabin ya zube.

Babbar matsalata ita ce lissafin kuɗi. A mitin ɗin shekara ma'aji ya miƙe da takarda ɗaya tal a hannu, ya karanto lambobi da sauri-sauri kamar ana korarsa, babu kwafin da aka raba, aka zo kan wani abu wai "sauran kashe-kashe" wanda ya fi kuɗin tallafin mambobi yawa, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce a fayyace mana, ciyaman ya ce lokaci ya ƙure a bari sai zama na gaba, 'yan gaba-gaba suka yi tafi shikenan aka tashi. Raina ya ɓaci ranar ba kaɗan ba. Ƙungiyar da take tsare manaja da tambayar ina takarda, ita ya kamata ta fi kowa nuna takarda. Kuma wannan cuta ce tsohuwa a harkar, Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar Teamsters ta direbobin manyan motoci a Amurka, ya shiga kurkuku a 1967, cikin laifukansa har da zamba da kuɗin fanshon mambobi. Shugabanni in sun daɗe a kujera sai ka ga sun fi sabawa da ofishin manaja fiye da wurin da muke aiki, kiran waya ma sai ka yi ta yi ba a ɗauka.

Sai kuma kare wanda bai cancanta ba. Duk mun san irin mutumin da zai zo ya sa hannu ya ɓace, aikinsa ya dawo kanmu, amma da an taɓa shi ƙungiya ta taso. Na yarda kowa yana da haƙƙin a saurare shi kafin hukunci, wannan ba na jayayya a kai, amma ya kamata wakili ya iya jan ɗan uwa gefe ya ce malam kana cutar abokan aikinka. Ba kasafai suke yi ba, don kowa ƙuri'a yake lissafawa.

Yajin aiki kuma makami ne mai tsada, duk wanda ya ce maka wasa ne bai taɓa kai ƙarshen wata babu albashi ba. Kuma ba kullum ake nasara ba. A 1981 Shugaba Reagan na Amurka ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 da suka shiga yaji, masu haƙar kwal a Birtaniya sun yi kusan shekara guda daga 1984 zuwa 1985 suka koma aiki ba su samu abin da suka nema ba. Sannan in ma'aikatan asibiti ko makaranta ne, wanda yake shan wahalar talaka ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. A hunturun 1978 zuwa 1979 shara ta taru a titunan Landan, masu haƙa kabari a Liverpool suka ajiye aiki, jama'a suka ƙosa, Margaret Thatcher ta ci zaɓe a 1979 ta zama Firaministar Birtaniya ta yi ta kawo dokokin rage ƙarfin ƙungiyoyi. Ni ina goyon bayan yaji in an ƙure duk hanyoyi, amma a tambayi mambobi da ƙuri'a tukunna, kar mu wayi gari mu ga sanarwa a WhatsApp kawai.

Abin da ya fi damuna duka shi ne 'yan kwantiragi. Muna aiki kafaɗa da kafaɗa da su, aiki iri ɗaya, wani ma ya fi mu ƙoƙari, amma ba su da kati, in an kore su babu mai zuwa da littafin nan mai jan biro. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, mutum wajen biliyan 2, aikinsu ba na kan ƙa'ida ba ne, ga kuma masu kai kaya da tuƙa mota ta manhajar waya da kamfani ma yake cewa ba ma'aikatansa ba ne. Ƙungiyar da ta tsaya kan masu takardar dindindin kawai kullum ƙanƙancewa za ta yi. A Amurka yanzu kusan ɗaya cikin goma na ma'aikata ne ke cikin ƙungiya, a Suwidin kuwa wajen biyu cikin uku ne, har ba su da dokar mafi ƙarancin albashi, yarjejeniyar ƙungiyoyi da masu kamfanoni ce take tsayar da shi. A Jamus ma dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanin da ya haura mutum 2,000. Kenan ana iya yi da kyau in an so.

Ga wanda ya samu sabon aiki aka miƙo masa fom, ni dai zan ce ya cike, amma ya nemi kwafin kundin tsarin ƙungiyar da na yarjejeniyar aiki ya karanta, ya san sunan wakilin sashinsa, ya tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe da kuma wa yake binciken asusu. Mu kam a namu ɓangaren mun riga mun haɗa kai mu da yawa, a mitin mai zuwa za mu gabatar da ƙuduri biyu, a riƙa raba lissafin kuɗi a rubuce mako guda kafin zama, sannan a buɗe wa 'yan kwantiragi rajista da rangwamen kuɗin wata.