Hattara da mai tallar bindigar iska a WhatsApp: ya ci mini naira 285,000

Jama'a, kwana tara ke nan ina haɗiye wannan magana, yau dai na kasa. Naira 285,000. Kuɗin shinkafar da na noma da rani ne, na ɗauka na tura wa mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba.

Kafin wani ya ce ganganci na yi: shekara 22 ina farauta, tun ina riƙe wa mahaifina jakar albarushi. Na san bindiga. Na tambaye shi girman harsashi, ya ce milimita 5.5. Na ce sabuwa ce ko ta hannu, ya ce sabuwa fil a kwalinta, ƙirar Jamus, irin wadda ake karyawa a ɗana. Na ce ya turo bidiyo, ya turo. Ya kafa murfin kwalba a jikin bango, ya ja baya, ya harba, murfin ya yi sama. Sau uku. To me kuma ya rage ban tambaya ba?

Muryar nan da ya turo ita ce ta ci ni. "Alhaji, tsakanina da Allah, in ka ga aibi ko ɗaya ka dawo mini da kayana ka karɓi kuɗinka." Tsakanina da Allah ya ce. Na saurara ya fi sau talatin, har daren jiya sai da na sake kunnawa. Yana gama faɗin haka na tura 185,000. A'a, 100,000 na fara turawa ranar Talata, kafin alƙalami, sai 185,000 ɗin ranar da ya nuna mini kwalin a bayan mota a tasha. Duka 285,000, ban da 7,000 da na ba direba.

Ranar da ta iso, da la'asar na tafi gona. Na manna kwali a jikin kuka, na zana ɗigo da gawayi, na ƙirga taki 20. Harbi goma, ko ɗaya bai kusanci ɗigon ba. Duk sun zube hagu da ƙasa, kuma a warwatse, faifai ma ba zai rufe su ba. Na ce ko saiti ne, na murza har ya ƙure. Na ɗaure kusoshin, na sauya harsashi, na ɗora ta a kan buhun yashi don kada a ce hannuna ke rawa. Na miƙa wa abokin farautata, wanda fakara ba ta tsere masa, shi ma haka.

Af, tun a tasha ma na ji warin fenti da na buɗe kwalin. Na kira shi a nan take, ya ce man ajiya ne na kamfani. Na yarda, saboda muryar nan.

Wani tsohon maƙeri mai gyaran bindigogin mafarauta ne ya warware mini komai. Ya karya ta, ya ɗaga bututun saitin rana, ya ce in leƙa. Maimakon haske ya fito a zagaye, sai inuwa ta kwanta gefe guda. Bututun a lanƙwashe yake. Ya zura tsumma, ya fito ja wur da tsatsa. Zanen nan da ke murɗe a ciki, wanda ke juya harsashi ya tafi a miƙe, ya cinye wajen baki, bakin ma an goge shi da zarto a karkace. Robar da ke tare iska kuwa daga tsohon tiyub aka yanko ta. Da ya ɗiga fetur a kan rubutun da ke cewa ƙirar Jamus ce, sai rubutun ya biyo yatsansa. Bai ce mini komai ba, kai kawai ya girgiza. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma kan bidiyon sai na ga ta ciki tana da zoben rataya a ƙota, tawa babu. Bindiga biyu ce. Na tura masa hotuna, ya buɗe, ya ce yana wajen jana'iza. Washegari ya toshe ni.

Takardun da ya ce suna cikin kwali ma babu su, alhali a dokar makamai ta 1959 bindigar iska ma sai da lasisi. Na kai ta ofishin 'yan sanda da kaina, na shigar da ƙara. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗin guda biyu, da muryar, duk ina da su, zan saka su da daddare.

Kada ku tura kuɗin bindigar da ba ku leƙa cikinta kun harba da hannunku ba, kuma ku je wajen dila mai rajista.

Naira 285,000, kuma har da rantsuwa. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ko sisi ba.