Ɗakin otal mai arha da ba a mayar da kuɗinsa a Booking.com: inda yake amfani da inda yake cin mutum

Duk mai neman masauki a Makka, Madina, Dubai ko Alƙahira ta Booking.com, manhajar kama ɗakin otal ta intanet, sau da yawa zai ga ɗaki ɗaya da farashi biyu. Na sama ana iya soke shi kyauta har zuwa wata rana da aka ayyana. Na ƙasa ya fi sauƙi, amma an rubuta “non-refundable” a gefensa, wato in ka biya, ka biya ke nan. Ido kan tafi ga na ƙasan, musamman yanzu da canjin dala ya sa kowa ke ƙirga kwabo.

A fara da lissafi. A ce ɗaki riyal 400 ne a dare, mai rangwamen kuma 360. Kwana bakwai, ka tsira da riyal 280, amma ka jingine 2,520 a kan cewa biza za ta fito, jirgi ba zai sauya rana ba, kuma kowa zai tashi lafiya. Ga wanda bizarsa da tikitinsa suna hannu, tafiya saura kwana uku, ciniki ne mai kyau. Ga mai shirin Umarar goman ƙarshe tun watan Rajab, fasfo yana wajen ejan, ganganci ne.

A wajen bayyana sharaɗi, manhajar ta yi abin da ya kamata: tana nuna shi kafin biya, tana maimaita shi a saƙon tabbatarwa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne wa ke da iko da kuɗin. Kamfanin, wanda hedikwatarsa ke Amsterdam, dillali ne. Yarjejeniyarka da otal ɗin take, kuma manajan otal ne zai ce a yafe ko kada a yafe. Shi ya sa yi wa ma'aikacin kula da abokan ciniki faɗa a waya ba ya haifar da komai.

To, sharaɗin halal ne a doka? Amsar tana bin ƙasar da otal ɗin yake. A Tarayyar Turai akwai haƙƙin fasa cinikin intanet cikin kwana 14, amma dokar ta 2011 ta cire masaukin da aka kama don takamaiman rana, saboda haka wanda ya dogara da wannan kwana 14 zai sha mamaki. A Birtaniya ma haka ne, sai dai dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da damar ƙalubalantar sharaɗin da ba na adalci ba, kuma riƙe kuɗi gaba ɗaya bayan otal ya sake sayar da ɗakin yana iya faɗawa ciki.

Najeriya ta fi tsayawa bayan mai saye. Sashe na 120 na dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ya ba mutum haƙƙin soke abin da ya kama tun kafin lokaci, a cire masa kuɗin sokewa daidai gwargwado. Wajen auna gwargwadon ana duba tsawon sanarwar da ka bayar, da yiwuwar a samu wani ya karɓi ɗakin, da al'adar sana'ar. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta ce tsarin “ba a mayar da kuɗi” na wani kamfanin motocin haya ya saɓa wa wannan doka, ta kuma ci shi diyyar naira 500,000. Don haka otal a Abuja ko Kano da aka sanar da shi mako uku kafin rana, ya kuma riƙe komai, yana kan ƙasa mai santsi. Amma wannan doka ba ta bin ka zuwa Jidda.

Duk wannan magana ce in kai ka fasa. In laifin daga otal ne, misali ka iso an ce ɗakuna sun cika, ko an kai ka wani gini da ba shi ne a hoto ba, sharaɗin bai shafe ka ba ko kaɗan. Ba a ba ka abin da ka saya ba, kuɗinka ne.

Ga yadda ake bi in tafiya ta lalace. Kada ka danna maɓallin sokewa tukuna, domin da zarar ka danna ka amince da cajin. Rubuta wa otal ɗin ta akwatin saƙon manhajar, yadda komai zai zauna a rubuce, ka sa lambar ajiyar, ranakun, da hujja: takardar ƙin biza, ta asibiti, ko sanarwar soke jirgi. Manhajar tana da hanyar roƙon a yafe kuɗin sokewa, kuma otal ake tura wa roƙon. Sau da yawa neman a ɗaga rana ko a sauya sunan baƙo ya fi saurin karɓuwa, tunda kuɗin bai bar aljihunsu ba. In manaja ya amince a waya, ka sa ya tabbatar a rubuce, don alkawarin baki na mai karɓar baƙi na dare ba ya kai wa ofishin kuɗi da safe.

Wata dabara da take aiki: bayan an soke ɗakinka, ka sake duba otal ɗin a ranakun da ka kama. In ya nuna ɗakuna sun ƙare, ɗauki hoton allon da kwanan wata. Wannan na iya zama hujjar cewa ba su yi asara ba.

Mataki na ƙarshe shi ne banki. Katin Visa da Mastercard suna da tsarin janyo kuɗi daga ɗan kasuwa, yawanci cikin kwana 120, amma yana cin nasara ne in otal ya kasa ba da ɗaki, ko ya caje ka sau biyu, ko ya yi alkawarin mayarwa ya ƙi. In kai ka canza shawara, otal zai tura wa banki sharaɗin da ka amince da shi, magana ta mutu. Wanda kuma ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani ejan ba shi da wannan kariyar sam.

Abubuwa biyu ƙanana suna yawan cin mutane. Wa'adin sokewa da agogon garin otal ake lissafa shi, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku. Sannan in jirgi ya makara ba ka iso daren farko ba, ba ka kuma sanar ba, otal na iya ɗaukar ka a wanda bai zo ba, ya soke sauran kwanakin duka. Saƙo ɗaya daga filin jirgi yana hana wannan.

Ko an yarda a mayar, kuɗin kan ɗauki kwanaki kafin su shigo, kuma in kati na naira ne, da canjin ranar mayarwa za a lissafa, ba na ranar da aka cire ba.